Gaskiya ta Maki Ashirin

A duk faɗin asibitin babu wanda ya kai mai lamba arba'in da bakwai lafiya, har da likitocin. Takarda ce ta faɗa, ita kuwa takarda ba ta da dalilin yin ƙarya. Shekara goma ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye, aka kwantar da shi wata biyu, aka sallame shi da sanda da ledar magani, aka kuma sa shi cikin wani bincike da ke bin irinsu wata shida-shida don a ji yadda rayuwa take tafiya musu. Tambaya ashirin ce, kullum ita ce, ba ta canzawa. Amsar kowacce daga ɗaya ne zuwa biyar: ɗaya abin ya yi muni, biyar lafiya lau. Shi casa'in da takwas yake ci, zuwa goma sha tara a jere. Biyun da suka rage yakan cire ɗaya daga cin abinci, ɗaya daga hawan bene, don a cewarsa cikar kamala ta Allah ce.

A wajen takarda kuwa tela ne, mai shago ƙofa ɗaya tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da tayoyi. A da sabon ɗinki yake yi, mutum ya kawo yadi ya jira wata guda yana godiya. Yanzu gyara yake karɓa: rage ƙugun wando, sake zif, toshe aljihun da makulli ya huda. Baƙin keken nan nasa na takawa ya girmi 'ya'yansa duka. Ƙafar hagu ke takawa, hannun hagu ke jan yadi, na dama kuma yana kwance a kan teburin keken kamar baƙon da ya zo gaisuwa ya ƙi tafiya.

Shagon a kan sharaɗi yake buɗe. Babban ɗansa, Injiniya, wanda ke aiki a wani gari mai nisan yini guda a mota, ya so a rufe shi tun ranar sallama. Ya gyara wa uban ɗaki a gidansa, da na'urar sanyaya ɗaki da talabijin da kujera mai kishingiɗa, duk abin da mutum ke buƙata don ya zauna ya jira ajali cikin jin daɗi. Tela ya ƙi. Aka yi ta kai ruwa rana, daga ƙarshe Injiniya ya ce, "To Baba, ba ni zan yanke ba, ba kai za ka yanke ba. Asibiti ne alƙali. Ranar da takardarsu ta nuna ba ka iyawa, a ranar zan turo mota." Injiniya mutum ne mai imani da lamba. Abin da aka auna aka rubuta shi ne gaskiya, saura hira ce.

Ƙaramar 'yar, Auta, ita ke kawo shi asibiti, don layi biyu ne tsakanin gidanta da shagon, kuma tana da makullin ƙofar saboda shara. In sun shigo dogon barandar asibitin kullum tana gaba da taku goma, kanta a waya, ba ta waiwaye, shi kuma yana biye yana jan ƙafa yana zargin yaran zamani da rashin haƙuri. A ƙarshen barandar ɗaki na tara yake, wanda da wurin ajiye bokitai ne kafin ilimi ya buƙace shi. Tebur ɗaya, fanka ɗaya mai juyawa ɓangare guda, kabad cike da fayil, da Sista, nas ɗin da ke yin tambayoyin tun ranar farko. Ƙa'idar bincike ta ce daga mai tambaya sai mai amsa. Amma akwai kujera ta uku da aka shigo da ita don ajiye jaka, a kanta Auta take zama, tana kallon bakin ubanta. Da an gama sai ta fita baranda ta amsa kiran yayanta.

"Nawa ya ci?"

"Casa'in da takwas."

"Madalla. Baba ya fi ni lafiya."

Haka aka yi sau goma sha tara.

Ranar zuwa na ashirin, wanda shi ne na ƙarshe, suka tarar da baƙuwa a ɗaki na tara. Daga wurin masu ɗaukar nauyin binciken aka turo ta, ta duba ko an bi doka, tunda shekara goma ta cika, lokaci ya yi da ya kamata a fara dubawa. Kafin azahar ma'aikata sun riga sun raɗa mata suna Madam Ƙa'ida. Ta tsaya da littafinta a ƙirji tana nuna kujera ta uku da biro.

"Wannan ta mece ce?"

"Ta ajiye jaka ce, ranki ya daɗe," in ji Sista.

Madam ta dubi Auta da ke zaune a kai, daga sama har ƙasa. "Jakar tana da girma."

Aka fitar da kujera, aka fitar da Auta. Madam ta ce waya ma ba ta zama a ɗaki. Tela ya laluba aljihu da hannun hagu ya miƙa wa 'yarsa tasa, ya sake lalubawa ya ciro wata ƙarama, tsohuwa, mai maɓallai, da aka ɗaure bayanta da roba. Ta matarsa ce. Shekara huɗu da rasuwarta bai bar ta ta mutu ba, yana yi mata caji, yana sa mata kati jefi-jefi don kada a rufe layin. In an tambaye shi sai ya ce fitilarta yake haska kafar allura da ita.

"Har da ta Inna?" in ji Auta.

"Cewa ta yi duk waya."

Bai kai ga gyara zama ba sai ga Farfesa, shugaban binciken, wanda rabon da a gan shi a wannan ƙarshen barandar tun ranar da aka fitar da bokitai. Zuwan Madam ne ya tuna masa hanya.

"Ga gwarzonmu," ya ce. "Baba Arba'in da Bakwai." Ya kamo hannun daman Tela ya girgiza, hannun yana kwance cikin nasa kamar jiƙaƙƙen tsumma. "Ki ji kamun hannu, Madam, kamar na saurayi. Baba, layinka a zanenmu miƙe yake, sai ka ce da rula aka ja. Wata mai zuwa akwai taron rufewa, a gaba za ka zauna. Kai da irinka kun koya mana abu babba. Gashin ƙashi nawa aka yi maka?"

"Wata huɗu, ranka ya daɗe."

"Kin ji ko? Huɗu kacal, dubi inda yake. Mu kuma muna tara mutane a ɗakin gashi shekara guda, ana ɓata musu lokaci. Shawarar da za mu bayar ita ce a rage. Da bakinku kuka faɗa, mu rubutawa kawai muka yi."

Ya fita, Madam ta bi shi, aka ja ƙofa. Ƙofar ta ɗan yi gardama, don ba ta saba ba.

Tela ya zauna yana kallon hannunsa. Wata huɗun nan yana tuna su. Ranar da aka ce ya isa haka, sai da ya roƙi mai gashin ta ƙara masa ko mako biyu ne, don babban yatsa ya fara motsi, ta ce layi ya yi tsawo. Ɗazu ma da suka wuce ƙofar ɗakin gashin ya ga wani mutum da bai wuce arba'in ba a kan benci, matarsa tana goge masa gefen baki da hankici, shi yana kallon bango don kada ya haɗa ido da kowa.

Sista ta feƙe fensir, ta ajiye masa katin fuskoki biyar a gabansa, daga mai kuka zuwa mai dariya. Shekara goma yatsu suna taɓa katin, fuskokin sun koɗe har duk sun koma kama ɗaya.

"Tambaya ta ɗaya. A cikin mako huɗun da suka wuce, yaya ciwo ya hana ka harkokinka?"

A al'ada kafin ta kai "mako huɗu" ya ce biyar. Yau ta kai ƙarshe, ta jira, fanka ta yi ta juyawa.

"Sista, shekara nawa kina yi mini tambayar nan?"

"Goma, Baba."

"Kin taɓa yarda da amsar?"

"Ba a ɗauke ni aikin yarda ba. Aikin rubutawa aka ɗauke ni."

"Sauran fa, su ma haka suke ci?"

"Mutum ɗari uku ne, kowa da jakarsa a kan kujera. Mai mata, mai miji, mai suruka. Ban taɓa ganin gari mai lafiya kamar ɗakin nan ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ɗora yatsa a kan fuskar farko ta gefen hagu.

"Rubuta ɗaya. Kafaɗar nan kamar an kafa ƙusa an manta da ita. In hadari ya haɗo ni nake fara sani kafin masu rediyo."

Ta rubuta. Ba ta ɗaga kai ba, ba ta ce ayya ba, ta karanta ta biyu.

Abin ya zo masa da sauƙi fiye da yadda ya zata, kamar farke ɗinkin da aka yi da ruɓaɓɓen zare. Barci: rabinsa a zaune yake yi, jingine da bango. Sa tufafi: mutumin da ya buɗe kafar maɓalli ta fi dubu goma, yau ba ya iya ɓalla nasa, sai dai ya bar rigunansa a ɓalle ya zura ta kai kamar yaro. Wanka: bayansa na hagu ya manta da soso. Tafiya: turken lantarki huɗu ne tsakanin gida da shago, a kowanne yana tsayawa ya gaisa da mutane, har unguwa ta ɗauke shi mai zumunci. Aiki: wandon da yake ragewa kafin shayi ya huce, yanzu yini yake ci, kuma makon jiya ya yanke ƙafar wandon wani malamin makaranta sau biyu a gefe guda.

"Ta goma sha biyar. Mantuwa."

"Wannan sabuwa ce. Sai in buɗe shago da safe in tarar da allurai shida a soke a matashi, kowacce da zarenta, har ta keke an zura mata, ni kuwa ban tuna lokacin da na zura ba. Ba ta biyu."

"Ta goma sha tara. Sau nawa kake jin ba ka da wanda za ka faɗa wa abin da ke damunka? Ɗaya kullum, biyar ba ka taɓa ji ba."

Ya sake ɗora yatsa a kan fuskar farko.

"Ɗaya."

"Kwana goma sha ɗaya da rasuwar Inna ka zo nan," in ji Sista, tana rubutu. "Ka ba wannan biyar. Farfesa ya ja layi a ƙarƙashi, ya rubuta juriya a gefe."

"Allah ya saka masa."

Ta haɗa lissafi, ta sake haɗawa. "Arba'in da huɗu." Sannan ta ajiye fensir, ta jawo kwamfutar da ke gefen tebur, amma ba ta taɓa ta ba. "Baba, akwai abin da ya kamata ka sani kafin in shigar. In maki ya faɗi fiye da ashirin daga na zuwan baya, kwamfuta za ta yi ja, kuma da kanta take aika saƙo ga wanda aka rubuta makusancinka ranar da aka sa ka a bincike. Ba ni ke aikawa ba, ba kuma ni ke hanawa ba."

"Wa aka rubuta?"

"Ba na gani. Shafin sunaye a kulle yake, ni lamba nake gani. Sirri ne."

"Sirrina ne aka ɓoye mini?"

"Don kare ka aka yi."

"Na gode da kariya." Ya shafa haɓa. "Injiniya ne. Shi ya cike takardun duka, ni a lokacin ko sunana ba na iya faɗa." Ya ga motar a ransa, fara, a ƙofar shago, da direba mai ladabi yana tambayar ko za a ɗauki keken ko a bar wa mai tayoyi. Ya ce, "Fiye da ashirin kika ce. Ashirin cif fa?"

"Ashirin cif ba ta ja."

"Ke nan ina da gaskiya ta maki ashirin."

"Ni amsar ƙarshe da mutum ya ba ni nake shigarwa. Fensir ne, ga magogi." Ta ciro shi daga aljihun tebur, sabo fil, bai taɓa aiki ba. "Mafi sauƙi, ka rage ɗaya-ɗaya daga kowace tambaya. Kowa ya ji daɗi. Farfesa zai ce tsufa ne."

"Wannan ai ɗinkin ɗan koyo ne. A rage inci guda ko'ina, riga ta ƙi zama a ko'ina. In za a rage, a rage inda ya yi yawa. Daga biyar zuwa ɗaya maki huɗu ne, ko?"

"Huɗu."

"Ashirin ya ba ni gaskiya biyar cikakku. Juyo mini takardar."

Ta juya. Ya sunkuya a kai kamar yadda yake sunkuyawa kan yadin da bai isa ba, mai shi kuma yana son riga da wando da hula. Ciwo ya zauna, ba a taɓa shi. Barci ya zauna. A kan wanka da sa tufafi ya daɗe, daga ƙarshe ya ce tufafi su zauna, don wanka tsakaninsa ne da Allah, maɓalli kuwa cin mutuncin sana'a ne. Tafiya ta zauna, saboda turakun lantarki shaidu ne. Huɗu ke nan, maki goma sha shida.

"Saura ɗaya, Baba."

"Mantuwa nawa take ci?"

"Uku."

"Ta yi arha, bar ta. Aiki." Ya buga yatsa a kan ta goma sha biyu. "Wannan ita ce ta hannu. In Farfesa zai rage wa mutane gashi, ya rage yana kallon wannan."

"Ashirin cif. Saba'in da takwas. Shago ya tsira."

Ta ɗauki magogi ta fara daga sama, tana goge gaskiya tana mayar da biyar. Wanka ya koma lafiya lau. Mantuwa ta warke. Cin abinci da hawan bene suka koma huɗu-huɗunsu na tawali'u. Tana hure garin magogin daga kan takarda, tana sauka layi-layi, har ta kai ta goma sha tara.

"Bar wannan," in ji Tela.

"Baba, ashirin da huɗu ke nan."

"Na iya lissafi, da shi na ci abinci."

"To musanya za ka yi? In mayar da tafiya?"

"A'a." Daga baranda ana jin kukan keken marasa lafiya da ƙafarsa ɗaya ke neman mai. "Shekara huɗu ina faɗa wa takarda ina da wanda nake faɗa wa damuwata. Yau na faɗa mata ba ni da shi. In na goge, wa zan faɗa wa na goge?"

Sista ta riƙe magogin a sama. "Mota fa, Baba."

"Na sani."

"Ka fi ni sanin ɗanka."

"Na fi ki. Zai zo da kansa ma, da likitan da ya sani, da sabuwar sanda mai ƙafa huɗu." Ya ja hannun daman da na hagu ya ɗora shi kan tebur, a fili, inda bai taɓa ajiye shi a ɗakin nan ba. "Tunda riga ta yage, ba amfanin lallaɓa ta. Mayar da sauran yadda suke."

"Ka sa ni na goge, yanzu ka sa ni in rubuta."

"Ba aikin rubutawa aka ɗauke ki ba?"

Ta sake bin takardar daga sama, har wurin wanka ya kusa hujewa. Arba'in da huɗu ta dawo. Ta shigar ɗaya bayan ɗaya, ta danna na ƙarshe. Fuskar kwamfutar ta yi ja wur.

"Ikon Allah," in ji Sista a hankali. "Shekara goma ban taɓa ganin ta yi ba. Ashe tana aiki." Ta sa takardar a fayil. "Kada ka sa rai da yawa, Baba. Takarda goma sha tara sun ce casa'in da takwas, guda ɗaya ta ce arba'in da huɗu. Wacce kake gani za a ce kuskure ce?"

"Wannan ba nawa ba ne. Aikin amsawa aka ɗauke ni."

Ya miƙe a karo na biyu, don na farko bai yi ba, kuma yau bai yi kamar yana gyara takalmi ba.

Auta tana kan benci a baranda, kusa da kujerar jaka, da waya uku a cinya. Ƙaramar ce a hannunta, mai roba, fuskarta a haske. Ba ta tashi ba. Ta jira ya iso, ta karanta masa a hankali, kamar mai karanta takardar magani.

"Zuwa ga makusancin mai lamba arba'in da bakwai. Amsoshinsa na yau sun nuna raguwa mai yawa. Da fatan za a kula da shi, a kuma tuntuɓi asibiti." Ta ɗago. "Inna aka turo wa."

Tela ya zauna a kan kujerar jaka. Lallai Injiniya ne ya cike takardar, kuma da yake mutum ne mai tsari, da ya zo layin makusanci sai ya rubuta wadda ke kwana ɗaki ɗaya da mara lafiyar. Bayan nan ba wanda ya sake buɗe shafin. Fom ɗin yana da layin da ake cikewa in mai lamba ya mutu, amma ba shi da na sauran mutane.

"Kin karanta," ya ce.

"Na karanta. Allah ya yafe mini, saƙon wani ne. Nawa ka ci?"

"Arba'in da huɗu."

"Ka yi wa kanka alfarma. Ni talatin da tara nake ba ka."

Ya juyo ya dube ta sosai.

"Baba, wa kake zaton yake zura maka zare a allurai? Aljanu? Shara nawa shago ƙofa ɗaya yake buƙata da zan riƙa zuwa kullum da sassafe?"

"Ke ce." Ya yi ƙwafa. "Na ba mantuwa biyu saboda ke. Kin ɓata wa mutane bincike."

"Sai ka koma ka gyara."

"Takardar ba za ta ɗauki wata gogewar ba." Ya dubi kujerar da yake kai. "To zaman me kike yi a nan shekara goma, kina kallon bakina kamar ɗan sanda?"

"Don kada ka yi abin da ka yi yau. Sau ɗaya aka fitar da ni, ka ga sakamako."

Wayarta ta yi ƙara. Duk suka kalle ta. Sunan Yaya ne, bai taɓa makara ba. Tela ya riƙe sandarsa da kyau, kamar wanda za a yi wa allura. Auta ta bari ta yi ƙara sau uku, sannan ta ɗauka ta buɗe murya yadda shi ma zai ji.

"Yaya, ina wuni. An gama, binciken ma ya ƙare yau."

"Nawa ya ci?"

"Yau ba su bar ni na shiga ba. Wata mata ce ta zo daga sama, ta ce sirri ne. In da matsala, wanda aka rubuta makusanci kwamfuta take sanarwa da kanta."

"Haka ya kamata tun farko. Tsari ke nan."

"Kai ka cike takardun, ko?"

"Ni na cike."

"An turo maka wani saƙo?"

Aka ji shi yana dubawa. "Babu komai."

"To ka gani."

"Madalla. Ki gaishe shi. Ki ce masa ɗakin yana nan dai, ko da hutu ne."

Ta kashe. Tela ya saki numfashi, ya fara miƙa hannu zai karɓi ƙaramar wayar, ta janye.

"Saƙon bai ƙare ba, Baba. Cewa aka yi a kula da kai, a tuntuɓi asibiti. Mai wayar ba ta nan, ni nake riƙe mata. Ɗakin gashi ƙofa uku ne daga nan, za mu sa sunanka kafin Farfesa ya rage."

"Bayan shekara goma? Itacen da ya bushe ake ba ruwa?"

"Su za su faɗa, ba kai ba. In ka ƙi, ina da lambar da zan tura wa saƙon Inna."

"Haka aka koya miki magana da uba?"

"A ɗaki na tara na koya. Ɗaya zuwa biyar, nawa ka ba ni?"

Can ƙarshen baranda Farfesa ya wuce da Madam Ƙa'ida yana nuna mata rufin da aka gyara. Ya hango Tela ya ɗaga masa hannu. "Gwarzo, sai ranar taro." Tela ya ɗaga na hagu.

Auta ta tattara jaka. Tambayoyin nan ashirin ta haddace su kamar karatu, ba sai an faɗa mata ba ta san inda maki hamsin da huɗu za su iya zubewa, ta kuma san lissafinta da nasa ba a wuri ɗaya suka bambanta ba. Tana rufe zif ɗin jakar, ba ta kalle shi ba, ta ce, "Ta goma sha tara fa?"

"Sirri ne," in ji shi. Can kuma ya ce, "Ɗaya."

Ta sa masa ƙaramar wayar a aljihun gaba, ta gyara wuyan rigar da ke ɓalle tun makon jiya.

"Tashi mu je. Layin gashi ba ya jira."

"Yau ƙarfe huɗu zan buɗe shago. Malamin nan zai zo karɓar wandonsa."

"Wanda ka yanke sau biyu?"

"Wa ya faɗa miki?"

"Na auna shi da safe. Na rage ɗayar ƙafar ta yi daidai, sai ka ce masa yayi ne."

Ya miƙe, nan ma a karo na biyu, ta bari ya yi da kansa. Suka kama baranda. Ba ta yi gaba da taku goma ba, ta tsaya a gefen damansa, wajen hannun, tana jan tafiya daidai da tasa. Babu turken lantarki a barandar, don haka da ya gaji a ƙofa ta biyu sai ya tsaya kawai, ba tare da ya gaisa da kowa ba.